Karen Aiki ko Karen Gida? Rigimar Karnuka a Jiragen Ruwan Shaƙatawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Yau tashar jiragen ruwa ta Miami za mu leƙa, a jihar Florida ta Amurka, inda manyan jiragen shaƙatawa ke kwasar fasinja zuwa tsibiran Karibiyan. Ga wanda bai taɓa ganin irinsu ba, otal ne sukutum a kan teku, da ɗakunan kwana da gidajen abinci da wuraren ninƙaya. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata.

Kusan duk kamfanonin nan bakinsu ɗaya a kan dabbobin gida: kowa ya bar nasa a gida. Amma sai ka shiga ɗakin cin abinci ka tarar da kare kwance a ƙarƙashin tebur, sanye da jan falmaran mai rubutu cewa shi karen aiki ne. Mai shi kuma garau, yana tafiya da ƙafarsa, yana karanta takardar abinci da idonsa. Nan take ƙus-ƙus ke tashi. Wannan me ke damunsa? Anya ba karen gida ba ne aka saka wa riga don a tsallake doka?

Wani lokaci masu zargin suna da gaskiya. Sau da yawa kuma zato ne kawai, zato kuwa zunubi. Abin da za mu warware yau shi ne yadda aka yi doka ta bar ƙofar nan a buɗe, da kuma wanda ke shan wahala idan aka yi ƙarya.

Mu fara da karen kansa. A wajenmu, makaho ɗan jagora ke riƙe masa sanda. To wannan aikin ne Turawa suka ɗora wa kare. Jamusawa ne suka fara buɗe makarantar horar da irin waɗannan karnuka a 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Farko. A Amurka kuma, wani matashi makaho, Morris Frank, ya je Suwizalan a 1928 ya dawo da karya mai suna Buddy, a shekarar da ta biyo baya aka kafa makarantar The Seeing Eye.

Daga nan aikin ya faɗaɗa. Akwai karen da ke taɓa kurma idan ƙararrawar gobara ta yi ƙara. Akwai mai ɗauko wa wanda ke kan keken guragu abin da ya faɗi, ya buɗe masa ƙofa. Akwai wanda ke shinshina numfashin mai ciwon suga ya faɗakar da shi cewa sugansa ya sauka. Akwai na masu farfaɗiya, akwai na tsofaffin sojoji da firgicin yaƙi bai sake su ba, wanda ke tashin mai shi idan mugun mafarki ya kama shi. Ku lura da jerin nan da kyau. Ciwon suga, farfaɗiya, kurumta, firgici, ba ɗaya da za ka gane a fuskar mutum daga nesa. Saboda haka "ai lafiyarsa ƙalau" ba hujja ba ce.

Horar da kare ɗaya kan ci kusan shekara biyu, ya kuma ci dubban daloli masu yawa. Da yawa ma ba sa kammalawa, a hanya ake sallamarsu.

Yanzu ga doka. A ranar 26 ga Yulin 1990 Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar kare haƙƙin masu naƙasa, wadda ake kira ADA a taƙaice. Sai tambaya ta taso: jiragen nan galibi tutar wata ƙasa suke ɗauke da ita, irin su Bahamas da Panama, to dokar Amurka ta hau kansu? Wasu fasinjoji masu naƙasa da suka tashi daga jihar Texas suka maka kamfanin jiragen ruwa na Norwegian a kotu, suna ƙorafin an caje su kuɗi fiye da sauran kuma an bar musu shingaye a jirgi. Shari'ar ba a kan karen aiki aka yi ta ba, amma ita ta share masa hanya. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dokar tana aiki a kan jirgi mai tutar waje muddin yana cikin ruwan Amurka, sai dai inda za ta taɓa harkokin cikin gida na jirgin. A 2010 Ma'aikatar Sufuri ta fitar da ƙa'idojin jiragen fasinja, ta ce karen aiki zai bi mai shi duk inda fasinja ke iya shiga, har cikin kwalekwalen ceto idan jirgi zai nitse.

To a ina matsalar take? Ƙa'idojin Ma'aikatar Shari'a da suka fara aiki a Maris ɗin 2011 sun ce idan ba a fili yake ba cewa kare na aiki ne, tambaya biyu kacal ma'aikaci zai yi. Ta farko: ana buƙatar karen nan ne saboda wata naƙasa? Ta biyu: wane aiki aka horar da shi ya yi? Shi ke nan. Ba zai tambayi mutum cutar da ke damunsa ba. Ba zai ce a kawo takardar likita ko shaidar horo ba. Ba zai ce kare ya gwada aikin a gabansa ba. Falmaran ɗin ma ba dole ba ne. Babu wata rajistar gwamnati ta karnukan aiki a Amurka, kuma mutum na da damar ya horar da karensa da kansa a gida.

Wani zai ce wannan ai sakaci ne. Ni a ganina da gangan aka yi, kuma da dalili. Ku ƙaddara mace mai farfaɗiya, duk shagon da za ta shiga sai ta tsaya a bakin ƙofa ta bayyana wa mai gadi sirrin lafiyarta a gaban jama'a. Ku ƙaddara talakan da ba zai iya jiran layin makarantar horo na shekaru ba, ya zauna ya koyar da karensa, sannan a ce ba shi da takarda. Masu rubuta dokar sun zaɓi su yarda da maganar mutum, suna sane cewa wasu za su ci amana.

Sun kuwa ci. A intanet, da 'yan daloli kaɗan za ka sayi falmaran, da katin shaida mai hoton kare, da takarda mai tambari kamar ta gwamnati. Ma'aikatar Shari'a ta fito fili ta ce waɗannan takardu ba sa ba kowa wani haƙƙi. Abin dariyar shi ne, wanda ya fi saurin zaro kati yana kaɗawa shi ya fi cancanta a yi shakkarsa, domin mai karen gaskiya ya san ba a buƙatar kati.

Akwai kuma wani rukuni da ya dagula lissafi, wato dabbobin ɗebe kewa. Waɗannan ba a koya musu wani aiki ba, zamansu kusa da mai su ne ke kwantar masa da hankali. Ba ƙarya ba ne cewa suna taimakon mutane, amma dokar ADA ba ta lissafa su cikin masu aiki. Jiragen sama ne suka daɗe suna karɓarsu kyauta, har abin ya wuce gona da iri. A Janairun 2018 wata mata ta iso filin jirgin Newark da ɗawisu, ta ce na ɗebe kewa ne, kamfanin United ya ce a'a. A Oktoban shekarar aka sauke wata daga jirgin Frontier a Orlando saboda kurege. Daga ƙarshe Ma'aikatar Sufuri ta sauya ƙa'ida, tun daga Janairun 2021 kamfanonin jiragen sama ba dole ba ne su ɗauki irin waɗannan dabbobi, kuma suna iya sa mai karen aiki ya cike fom na gwamnati. Kamfanin Royal Caribbean ma tun a 2018 ya daina karɓarsu a jiragen ruwansa. Carnival shi ma karen aiki kawai yake karɓa.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Wanda jiya yake cewa karensa na ɗebe kewa ne, yau sai ya haddace amsar tambayoyin nan biyu ya ce na aiki ne. Jihohi da dama sun mai da wannan laifi. A Kalifoniya hukuncin na iya kai wa ɗaurin wata 6 da tarar dala 1,000. A Florida, tun 2015, kwana 60 a gidan yari ko tarar dala 500, da aikin sa kai na awa 30. Amma wa zai kama wa? Ma'aikacin da aka hana shi tambaya ta uku?

Me ke sa mutum ya yi wannan ƙarya? Kuɗin ajiye kare a gidan kula da dabbobi na mako guda ba kaɗan ba ne. Wasu kuma sun ɗauki kare tamkar ɗa, ba sa iya rabuwa da shi. Hanyar halal kuma ƙunci gare ta. Jirgin da ya yi suna wajen ɗaukar dabbobin gida shi ne Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, mai zirga-zirga tsakanin Southampton da New York. Keji 24 ke cikinsa, da ma'aikaci na musamman, har da turken fitilar titi daga Liverpool da famfon 'yan kwana-kwana irin na New York don karnuka su ɗaga ƙafa. Gurbin kan cika tun da sauran watanni masu yawa.

Duk da haka, kada mu ɗauka shiga jirgin ruwa da kare abu ne mai sauƙi. Kamfani ba zai nemi shaidar naƙasa ba, amma ƙasashen da za a yada zango suna neman shaidar lafiyar kare: allurar cutar haukan kare, takardar likitan dabbobi, wani wurin har da gwajin jini da izinin shigowa. Jihar Hawai ta Amurka, wadda babu wannan cuta a cikinta, tana da tsauri ƙwarai. Tun 1 ga Agustan 2024 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce duk karen da zai shiga Amurka, har wanda ya fita ya dawo, sai ya kai wata 6 da haihuwa, an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an kuma cike masa fom. Idan ya taka ƙasar da ake ganin cutar ta yi yawa, kamar Haiti, sharuɗɗan sun fi haka. A cikin jirgi kuma mai kare ne zai zo da abincinsa. Bayan gidansa wani akwati ne mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 4, cike da ɓawon itace, a wani lungu da watakila sai an yi doguwar tafiya daga ɗaki, ko da tsakar dare ne. Galibin kamfanoni ba sa yarda a bar kare shi kaɗai a ɗaki. Wannan ɗawainiya kaɗai tana korar maƙaryata da yawa.

Waɗanda suka jure suka shigo, ta yaya ake gane su? A daina kallon mutumin, a kalli karen. Karen da ya sha horo yana shiga ƙarƙashin tebur ya lafe, har ka gama cin abinci ba ka san yana nan ba. Nama ya faɗi a gabansa ba zai ɗaga kai ba. Hankalinsa na kan mai shi. Wanda ke jan igiya, yana yi wa yara haushi, yana leƙa farantin mutane, yana fitsari a kan darduma, ko aka ɗora shi a kujera ana ba shi abinci da cokali, wannan ya tona wa mai shi asiri da kansa.

Ko a nan ma a yi hattara. Ƙanƙantar kare ba shaida ba ce, doka ba ta ware wani jinsi ba. Mai ciwon suga na iya rataye ƙaramin karensa a ƙirji don ya kusanci numfashinsa. Haushi ɗaya ma ba laifi ba ne, wataƙila faɗakarwar da aka koya masa ke nan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne doka ta ba ma'aikata makami. Kare ko na gaskiya ne, idan ya fi ƙarfin mai shi kuma bai tsawatar masa ba, ko yana ƙazanta wuri, ana iya fitar da shi. Ba a buƙatar tabbatar da cewa an yi ƙarya. Matsalar ita ce tsoro. Ma'aikacin ɗakin abinci, wanda galibi ɗan Filifin ne ko Indiya ko Indonesiya da ke aikin kwantiragi, ba ya son a rubuta ƙorafi da sunansa. Kamfani kuma na tsoron lauya da bidiyon da zai yaɗu a intanet. A kanti, sai a nuna wa mutum ƙofa. A tsakiyar teku ina za a kai shi? Sai dai a ce ya tsare karen a ɗaki, ko a sauke su a tasha ta gaba. Don haka sai a kawar da kai, sauran fasinja su yi ta ƙunƙuni. Shi kuma mai tsoron kare, ko wanda gashinsa ke tayar masa da asma, dokar ta ce wannan bai isa a hana kare shiga ba, sai dai a nisanta su da juna.

Wanda ya fi kowa asara shi ne mai karen gaskiya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Bayan fasinja sun ga ɗaya yana cin abinci a kan tebur, duk mai falmaran da ya wuce sai ya sha harara da tambayoyin da ba su da hurumin yi. Mafi muni, idan karen da ba shi da horo ya afka wa karen makaho, ko bai ji masa rauni ba yana iya firgita shi har ya kasa komawa aiki. Horon shekara biyu ya tafi, mutum ya koma jiran layi.

A Birtaniya wata hanya aka bi. Kamfanin jiragen ruwa na P&O yana karɓar kare ne idan wata ƙungiya da ke cikin manyan ƙungiyoyin horo na duniya biyu, ADI ko IGDF, ta tabbatar da shi. Wannan ya toshe kafar falmaran ɗin intanet. Amma ya rufe ƙofa ga mai naƙasar da ya horar da karensa da kansa, komai ƙwarewar karen. Wasu a Amurka na son a kwaikwayi wannan tsari, ko aƙalla a kawo fom irin na jiragen sama, inda ƙarya a kansa laifi ne na tarayya. Wasu masu fafutikar haƙƙin naƙasassu kuma suna cewa kada a ƙara wa marar laifi nauyin takardu saboda mai laifi, a koya wa ma'aikata amfani da ikon da suke da shi tun tuni. Ni a nan na fi karkata, domin karen da ke cizo ko da takarda a wuyansa cizo zai yi.

Ku gaya mana a ƙasa wanne tsarin kuka fi gani da adalci, na Amurka ko na Birtaniya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.