Sharhi: Kai ka yanke shawara, ko ƙwaƙwalwarka ta riga ka?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Kafin mu yi nisa, ku ɗan gwada wani abu. Ku ɗora hannu a kan gwiwa, duk sa'ad da kuka ga dama ku ɗaga ɗan yatsa ɗaya. Babu mai tilasta muku, babu mai ƙirga muku lokaci. Kun ɗaga? To, a kan wannan ɗan motsi masana suka shafe shekaru sama da 40 suna ta ja-in-ja.

Mafarin zancen shi ne 1965, lokacin da wasu likitoci biyu a Jamus, Hans Kornhuber da Lüder Deecke, suka lura cewa kafin mutum ya motsa gaɓa da son ransa, akwai wata 'yar wutar lantarki da ke tasowa sannu a hankali a ƙwaƙwalwarsa. Suka kira ta alamar shiri. A 1983 Benjamin Libet na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya ƙara wani abu a kai. Ya zaunar da mutane, aka manna musu wayoyi a fatar kai, aka sa su zuba ido kan wani agogo mai ɗigon haske da ke zagayawa da sauri. Aikinsu kawai su lanƙwasa yatsa ko wuyan hannu in sun so, sannan su faɗi inda ɗigon yake a daidai lokacin da suka ji niyyar ta zo musu. Sakamakon ya girgiza mutane: alamar shiri tana farawa kimanin milisakan 550 kafin motsi (milisakan 1,000 ne ke yin sakan ɗaya), amma mutum bai jin ya yi niyya sai saura milisakan 200. Wato ƙwaƙwalwa ta kama hanya tun kafin mai ita ya san zai tafi.

A 2008 tawagar John-Dylan Haynes a birnin Leipzig ta sake tayar da ƙura. Da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce suna iya hasashen ko mutum zai danna maɓallin dama ko na hagu sakan 7 zuwa 10 kafin ya san zaɓinsa. Jaridu suka ɗauka da zafi. Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne, hasashen yana dacewa ne sau 60 cikin 100, alhali mai canki-in-canka ma zai ci 50.

Ni dai a ganina an yi wa waɗannan gwaje-gwaje lodin da ya fi ƙarfinsu. Ɗaga yatsa ba tare da dalili ba, shin shawara ce? Babu riba, babu asara, babu wanda zai tambaye ka gobe me ya sa. Abin da ɗan Adam ke nufi da zaɓi shi ne irin wanda ke hana barci: in karɓi aikin nan ko in bari, in faɗi gaskiya ko in rufe, in yafe ko in rama.

Ita kanta alamar shirin ta sha suka. A 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa suka kawo wata fassara. Ƙwaƙwalwa, in ji su, ba ta zama shiru. Kullum tana cikin hawa da sauka kamar iska a tsakar rana. Idan babu dalilin da zai sa ka motsa yanzu ko anjima, to duk lokacin da wannan kaɗawar ta haura wani mizani, sai motsi ya fita. Ku ɗauki ƙofar da aka bari a buɗe. In sai ta buga ne kake waiwayawa ka duba yadda iska take, kullum za ka tarar iskar tana ƙaruwa gab da bugawar. Wannan bai nuna iskar ta ƙulla niyyar rufe ƙofa tun ɗazu ba.

Sai kuma gwajin Uri Maoz na 2019, wanda ya fi burge ni. Aka ba mutane ƙungiyoyin agaji biyu su zaɓi wadda za a ba dala 1,000. A wani zagayen zaɓinsu na da tasiri, a wani kuma an faɗa musu ko me suka danna za a raba kuɗin daidai. Inda zaɓin bai da ma'ana, alamar shiri ta fito ɓaro-ɓaro. Inda mutum ya tsaya ya auna, kusan ba a gan ta ba. Haka nan a Balin, a 2016, Haynes ɗin nan dai ya nuna mutum na iya fasa motsi bayan alamar ta taso, muddin bai wuce saura milisakan 200 ba. Ashe akwai birki.

Kada dai a ce magana ta ƙare. Robert Sapolsky, masanin ƙwaƙwalwa na Jami'ar Stanford, wanda a 2023 ya fito ƙarara ya ce babu 'yancin zaɓi, bai dogara da agogon Libet ba. Tambayarsa ita ce: shi wannan mai aunawa, wa ya gina shi? Gadon halitta, sinadaran jiki, tarbiyya, yunwa, tsoro, babu wanda ka zaɓa. Marigayi Daniel Dennett, masanin falsafa, ya amsa da cewa in dai aikinka ya fito daga tunaninka da dalilanka, ba bisa tilas ba, wannan ya isa a kira shi naka. Wanda ya taɓa zama gaban malaman tauhidi zai ji ƙamshin tsohuwar muhawarar Jabariyya, masu cewa ɗan Adam bai da zaɓi, da Ƙadariyya, masu cewa shi ke zaɓar ayyukansa, sai dai yanzu an shigo da na'urori cikin zauren.

Inda abin ke cizo shi ne kotu. A 2000, wani malamin makaranta ɗan shekara 40 a jihar Bajiniya ta Amurka ya fara nuna muguwar sha'awa ga ƙananan yara, abin da ba a san shi da shi ba. Kotu ta same shi da laifi. Ana gobe za a yanke masa hukunci, ciwon kai ya kai shi asibiti, aka gano ƙari mai girman ƙwai a gaban ƙwaƙwalwarsa, daidai sashen da ke taka wa son zuciya birki. Aka cire, halin ya ɓace. Bayan watanni halin ya dawo. Da aka duba, ƙarin ne ya sake tsirowa. Aka sake cirewa, ya sake lafawa. Likitocin da suka duba shi sun rubuta cewa a duk tsawon lokacin nan, mutumin ya san abin da yake yi ba daidai ba ne.