Darasin Noma: Yadda Ake Shuka Wake Mai Yaɗo Don Ya Rufe Ƙasa

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro. Darasinmu na yau ya shafi wake mai yaɗo, irin wanda ake kira kanannado, da yadda za a shuka shi domin ya shimfiɗu ya rufe ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ruwan Agusta ke gangarowa daga duwatsun Mandara, ko yadda yake kwashe saman gona a kewayen Garwa, a arewacin Kamaru, ya zuba a kogin Binuwai, ya san cewa ƙasar da aka bari tsirara ita ce ta fara tafiya. Ganyen wake yana tare ƙarfin ɗigon ruwa, yana riƙe laima, yana kuma danne ciyawa.

Abu na farko shi ne iri. Kada a ɗauko waken da ake sayarwa don girki ba tare da an tambayi asalinsa ba, domin akwai wake mai tsayawa tsaye wanda yake nuna cikin wata biyu, kuma wannan ba zai rufe muku ƙasa ba. A tsince ƙwayoyin da ƙwari suka huda da waɗanda suka yanƙwane. Sannan a gwada irin tun kafin ranar shuka: a naɗe ƙwaya 20 cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa har kwana biyar. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai 16 ba, a ƙara yawan ƙwaya a kowane rami, ko kuma a nemi wani irin.

Wake yana son jigawa, wato ƙasa mai rairayi da ba ta riƙe ruwa. Baƙar lakar da ake dasa masakwa, wato dawar rani, a wajen Marwa ba wurinsa ba ce, domin idan ruwa ya kwanta saiwarsa ruɓewa take yi.

A yi shuka bayan damina ta kankama, a cikin watan Yuli. Idan tsakanin kunyoyin dawa ko gero za a sa shi, a jira hatsin ya yi mako huɗu zuwa shida. Zurfin rami kada ya wuce santimita 5, a zuba ƙwaya uku, a bar santimita 75 tsakanin layi da layi, da kimanin 50 tsakanin rami da rami. Na san da yawa za su ga kamar an yi asarar fili, amma wannan wake hannu yake miƙawa, kuma idan aka cunkushe shi sai ya riƙa hawa kan ɗan'uwansa maimakon ya bi ƙasa. Yakan tsiro cikin mako guda; bayan mako biyu a cire ɗaya a bar biyu.

Makonni biyar na farko su ne masu wuya, domin a lokacin ciyawa ta fi shi sauri. A yi noman firi a mako na biyu, a maimaita a na huɗu ko na biyar, daga nan shi da kansa zai ɗauki aikin. Kada a zuba masa yuriya da yawa, domin ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa suna samar masa da sinadarin naitirojin, wanda yuriya ke bayarwa, daga iska. Ku tuge guda ɗaya ku fasa ƙullin da farce: idan cikinsa ja-ja ne, to yana aiki. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai, ko taki mai sinadarin fosfet, shi ya fi dacewa da shi. Idan darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye, ta kama sabbin ganye, a daka ƙwallon darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma.

Kada ku damu idan bai yi fure da wuri ba, domin wannan irin yana jiran yini ya fara gajarta ne, wajen ƙarshen Satumba. Bayan an roro wake, a yanki harawa da lauje tun tana da sauran kore, amma kada a tumɓuke saiwa, kuma a wuraren da gona ta yi gangare a bar wani kaso na yaɗon a kwance har zuwa ruwan farko na baɗi.