Siyasa, Takobi da Tiyar Hatsi: Laccar da Aka Yi wa Matasa a Maraɗi

An kwafo wannan daga muryar da aka naɗa a wajen laccar da wani tsohon malamin tarihi ya gabatar a wani taron matasa cikin garin Maraɗi.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To, a ɗan rage ƙarar abin nan, yana kuka. Madalla.

Iyayena, malamai, ƴaƴana matasa, an ce in yi magana kan siyasa da yadda take cuɗanya da zamanmu na kullum da wasanninmu. Abu huɗu na shirya, in Allah Ya yarda za mu taɓa su duka kafin a kira la'asar.

Na farko. Wasu za su ce, Malam, wace siyasa kuma ta rage? Tun 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Bazoum Mohamed. A watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyu, aka rantsar da Janar Tiani na shekara 5. Ba Tarayya, ba Nasara, ba Lumana, ba Rahama. Masu buga riguna da hulunan kamfe dai sun ji a jikinsu. (dariya) Amma ku gaya mini, lokacin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa mana takunkumi, Najeriya ta yanke kuran a watan Agusta, shin mai walda da tela da mai sayar da ƙanƙara an tambaye su katin jam'iyya kafin aikinsu ya tsaya? Wutarmu ta nan ta layin Katsina take shigowa. An rufe Ɗan Isa, an rufe Jibiya, mai ƴa a Katsina ya kasa zuwa suna sai ta hanyar daji. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, a Maris aka buɗe iyakar Najeriya. Ta Benin kuwa ta zauna a rufe, kayan da Alhazan garin nan suka saba ɗaukowa daga Kotonu suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, ayari-ayari, da rakiyar soja. Kuɗin wannan zagaye wa ke biya? Uwar gida ce, ranar da ta je awon shinkafa. Iyayena mata ga ku nan, in ƙarya na yi ku ce.

To na biyu, kuma a nan ku yi haƙuri da ni, don kun san ni da kokowa.

Kokowa wasan kaka ce. An gama girbi, an ɗaure damma, rumbu ya cika, samarin wannan gari su ɗauki makaɗinsu su tafi wancan gari. Ba gwamnati, ba tikiti. Wa ya maida ita ta ƙasa? Soja ne. Seyni Kountché ya karɓi mulki a Afrilun 1974 daga hannun Diori Hamani, ƙasa tana fitowa daga fari da yunwa. Shekara guda bayan haka, 1975, aka buɗe gasar takobi a Tawa. Kuma wa ya ɗauki takobin farko? Ku faɗa mana! (jama'a: Kantu!) Yakuba Kantu, ɗan Maraɗi. Shi ya sa filin kokowarmu yake ɗauke da sunansa. Yaran da ke can baya suna latsa waya, ku riƙe wannan ko da shi kaɗai kuka tafi da shi.

Kountché ba ɗan kokowa ba ne, amma ya san abin da yake yi. Ba shi da jam'iyya, ba shi da majalisa, yana neman inda zai sadu da talaka. Sai ya raya Samariya, ya kafa bukin matasa, ya ɗauki kokowa ya ɗora mata tuta. Duk wanda ya zo bayansa, farar hula ko mai kaki, bai saki wannan igiya ba. Ku duba, a Disamban 2023, takunkumi na kanmu, kuran na ɗaukewa, magani ya yi wuya, amma an fasa kokowa? Ba a fasa ba. An yi ta a Agadas, jihohi 8, kowace da ƴan kokowa 10, aka ce ta ceton ƙasa ce. Isaka Isaka na Doso ya sake ɗauka. Na ga wasu sun ɓata rai. To ni na kayar da naku? (dariya)

Ku lura da abin da ke gudana a fili, ba cikin da'irar yashi kaɗai ba. Ɗan kokowa ya fito, guru a ƙugu, layu a damtse, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya shafa, makaɗi na zuga shi, ya ɗaga hannu ya yi kirari. Wannan duk mun sani. Amma da an yi kaye, ku saurari lasifika. Alhaji wane ya ba da jika 100. Minista wane ya ba da jika 200. Kamfani kaza ya ba da buhun shinkafa. Kuna tsammani don Allah kaɗai ake bayarwa? Mai bayarwa don Allah ba ya aika sunansa wurin mai lasifika. Zamanin jam'iyyu, wanda ke son kujerar depite a nan yake fara gwada sunansa, ya ji ko fili zai yi tafi ko zai yi shiru. Yau ba zaɓe, amma kyautar ba ta tsaya ba, masu bayarwa ne suka canza kaya.

Sannan ga ƴan cali-cali. Allah Ya ja zamanin cali-cali! Mutum ya cusa tsumma a ciki ya yi tumbi, ya rataya layu kamar buhu, ya kwaikwayi tafiyar babban ɗan kokowa, wani lokaci har ta babban mutum, a gaban gwamna, gwamna na dariya. In kai ne ka yi wannan tafiyar a bakin ofishinsa, sai dai a kai maka tuwo. (dariya)

Abin da ya sa nake son kokowa, kuma na sha faɗa wa ɗalibaina, shi ne kowa ya ga kaye da idonsa. Bayan mutum ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Ba a cewa a jira sakamako daga Yamai, ba a ƙirga komai da dare. Wanda aka kayar ya tashi ya kakkaɓe yashi, sau da yawa ma wanda ya kayar da shi ne ke miƙa masa hannu ya rungume shi. Ba na cewa ba a rigima, ana yi, an sha jifan alƙali da robar ruwa, an sha zargin an sayar da kaye. Amma ku kwatanta da zaɓe. Tun taron ƙasa na 1991 muke zaɓe, sau nawa wanda ya faɗi ya je ya rungumi wanda ya ci? Juyin mulki a 1996, a 1999, a 2010 bayan tazarcen Tandja, ga na 2023. Mutanen da suka iya karɓar kaye a fili, mene ne ya hana su... to, wannan ku tattauna a fada, kan shayi na biyu.

Ina muke? Na uku ko? A'a, na huɗu, don na ukun mai ne, kuma kun fi ni saninsa. Tinubu ya cire tallafi a Mayun 2023, ruwa-ruwan da ake jerawa a kwalabe bakin titi ya yi tsada, kowa ya koma gidan mai, matatar Damagaram mai ganga 20,000 a rana ta ji nauyi. Gwamnati ta rage lita zuwa 499 a 2024, dala ɗari ba tamma guda, amma ɗan kabu-kabu bai maido mini tammata ba har yau. (dariya) An wuce wurin.

Mawaƙa da waya. Da, mawaƙin jam'iyya sai an kafa rumfa an kawo janareto. Yau yaro na ɗaki da waya ya hau TikTok ya ce zancen ƙasa ne, gobe ya fi mai unguwa suna. Wasu da gaske suke, kishi ne. Wasu kuma muryar da ta yi wa na jiya waƙa ita ce ke yi wa na yau, kiɗan ma ba a canza ba. An dakatar da RFI a 2023, an dakatar da BBC wata 3 a ƙarshen 2024, labari ya koma saƙon murya a WhatsApp, wanda ba ka san wa ya yi shi ba, amma ya rantse da Allah sau uku. Na ga hannu a can. Ƙarasa, ɗana, ba shi makirufo.

Wani matashi: Baba Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Mu finafinan Kano muke kallo, waƙoƙinsu muke ji, kuɗinsu muke canzawa. Yanzu mun fita CEDEAO, su suna ciki. Jirgin ƙasan nan da aka ce zai zo Maraɗi, zai zo kuwa?

Ka ga ka ɗauke ni daga kan mawaƙa, sun tsira. To. Titin nan kilomita 284 ne, daga Kano ta Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, ya shigo mana. Buhari ya aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke aikin, kuɗin ya kusa dala biliyan 2 ta Amurka, kuma Najeriya ce ta ɗauki nauyi. Can ma sun yi ta faɗa a kansa, ƴan kudu na cewa don me za a kai jirgi wata ƙasa. Lissafin mai shi a fili yake: kayan Nijar su bar Kotonu da Lome su bi ta Legas. Fitarmu daga CEDEAO ta tabbata a 29 ga Janairun 2025, amma fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina ya girmi CEDEAO, ya girmi iyakar kanta, sarautar garin nan ma daga Katsina ta taso. Abin da zan ce ka sa wa ido shi ne canji. A 2015 jika ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura naira 2,000. Ranar da jirgi ya fara zuwa, kayan Kano za su shigo da arha, mai saye ya ji daɗi, mai ƙaramar masana'anta a nan ya yi kuka, direbobin manyan motoci kuma su nemi wata hanya. Hatsi da wake fa, an hana fitar da su a Oktoban 2024 in ba Mali da Burkina ba, to jirgin zai koma da me? Wannan tambaya ce ta ƴan kasuwa, kuma na ga biyu a layin gaba suna ta kallon ƙasa.

An ce mini ladan ya hau. Mai tambaya ta biyu, ƴata, riƙe ta, bayan salla ke za ki fara. A bar kujerun yadda suke.