Gidan Antinori: Sana'a Ɗaya Tun 1385

Jama'a, assalamu alaikum. Na hango Malam can baya ya haɗa rai tun da aka ce gidan giya. Kwantar da hankalinka, Malam, babu wanda zai ɗanɗana komai yau! Hukuncinta kowa ya sani, noma da riƙon dukiyar gida muka zo dubawa. Abu uku zan faɗa.

Na farko, tarihi. Iyalan Antinori mutanen Fulorans ne, a yankin Taskani na Italiya. A 1385 kakansu Giovanni di Piero ya shiga ƙungiyar masu giyar inabi ta birnin. Yanzu zuriya ta 26 ke riƙe da gidan, Albiera da ƙannenta mata biyu.

To, na biyu, ginin masana'antar giya da suka buɗe a ƙauyen Bargino kusa da Fulorans a 2012, nan fa nake so ku saurara. Tudu suka haƙa, suka cusa masana'antar a cikinsa, suka mayar da ƙasa a kan rufin, suka dasa inabi a kai. A kan rufi fa! Kana wucewa a mota gona kawai za ka hanga. Ƙasar ce ke riƙe sanyi rani da damina, kamar yadda randa ke yi wa ruwa, don haka ma'ajiyar gangunan giyar ba ta jiran na'urar sanyaya ɗaki. Inabin kuma daga sama ake shigar da shi, ruwansa ya gangara da nauyinsa, ba sai injin tura ruwa ya yi ta cin lantarki ba. Ku ɗalibanmu na zanen gini, ƙasa, na ce ƙasa, kyauta take aikin nan.

Na huɗu... ko na uku ne? Manoman yankin kan shuka wake tsakanin layukan inabi, su binne shi ya zama taki. Mu wuce.

Na'am, Hajiya? Rabon gado bai wargaza su ba? Ai saura ƙiris. A shekarun 1980 'yan'uwan Piero, mahaifin matan nan, suka nemi kasonsu, har kamfanin Whitbread na Ingila ya sayi wani ɓangare. Daga baya Piero ya fanso shi. A 2012 ya sa kamfanin cikin amana ta shari'a, yadda magada za su ci riba amma ba mai yankar nasa ya sayar. Yadda wannan zai zauna da hukuncin gado a wajenmu, Malam, ga makirufo.