Jawabin Maraba Ga Shugaban Tawagar Masana Girgizar Ƙasa A Ziyararsa Ta Sakkwato

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu, shehin malami kuma shugaban tawagar masana ilmin ƙasa da suka taso daga Abuja. Wakilin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Iyayenmu hakimai da uwayen ƙasa. Malamanmu masu daraja. 'Yan'uwa injiniyoyi da magina. Ɗalibai maza da mata.

A madadin ƙungiyarmu ta injiniyoyi da magina da malaman ilmin ƙasa na wannan jiha, ina yi maka barka da zuwa Birnin Shehu, kai da 'yan tawagarka, tare da yi muku sannu da hanya, domin duk wanda ya san titin da ya taso daga Abuja ya biyo ta Funtuwa da Gusau ya san ba ƙaramar ɗawainiya kuka sha ba.

Ranka ya daɗe, tun da labarin zuwanka ya bazu, tambayar da jama'a suke yi mana ita ce, me ya haɗa Sakkwato da girgizar ƙasa? Masu tambayar suna da hujja. Ɓawon duniya a rarrabe yake zuwa manya-manyan faya-fayai na dutse masu motsi a hankali, kuma mafi yawan girgizar ƙasa tana aukuwa ne a bakin waɗannan faya-fayai, inda suke gogayya da juna, kamar a Turkiyya da Japan da Indonisiya. Nijeriya kuwa Allah ya ajiye ta can cikin faifan Afirka, nesa da bakinsa, shi ya sa ba mu taɓa ganin irin bala'in da ya auka wa Turkiyya da Siriya a watan Fabrairun 2023 ba, inda mutane fiye da 50,000 suka rasu. Wannan ni'ima ce, kuma muna yi wa Allah godiya a kanta.

Sai dai ƙasar tamu ta sha motsawa, ko da yake a hankali. An rubuta motsin ƙasa a Warri a 1933. Ranar 22 ga Yunin 1939 wata girgiza da ta haura maki 6 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa ta auka wa birnin Akara na Gana, ta kashe mutum 17, kuma an ji ta har Legas da Ibadan da Ile-Ife. Ijebu-Ode ta girgiza a 1984, sannan a watan Satumbar 2009 wata girgizar da ta taso daga yankin Allada na Jamhuriyar Benin ta ratsa garuruwan Kudu maso Yamma. Da yake duk waɗannan a kudu suka faru, mu a nan muka ɗauka abin na bakin teku ne, har sai watan Satumbar 2016, lokacin da mutanen Kwoi ta Jihar Kaduna suka ji rugugi daga ƙarƙashin ƙasa, bangayen gidaje suka tsattsage, jama'a suka fice waje a firgice. Bayan shekara biyu sai ga shi a Mpape, cikin Abuja, har hukumomi suka dakatar da fasa duwatsu da haƙar rijiyoyin burtsatse a yankin, kuma abin ya sake dawowa can a Satumbar 2024. Masana irinku sun daɗe suna nuna mana wata tsohuwar tsaga a cikin dutsen ƙasar nan, wadda ta taso daga Ifewara a Jihar Osun ta nufo Zungeru a Jihar Neja, kuma ana danganta ta da tsagogin da ke ƙarƙashin Tekun Atlantika. Zungeru kuwa ba wata uwa duniya ba ce daga nan.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne abin da ya sami ƙasar Gini. Ita ma ana lissafa ta cikin ƙasashen da girgiza ba ta dama ba, amma ranar 22 ga Disambar 1983 girgiza mai ƙarfin sama da maki 6 ta rushe ƙauyuka a arewa maso yammacinta, ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu. A Agadir ta Maroko kuwa, girgizar 1960 ba ta ma kai maki 6 ba, amma ta hallaka kimanin mutum 12,000, saboda ta taso daga kusa da saman ƙasa, daidai ƙarƙashin gari, ta kuma tarar da gine-ginen da ba a yi su don jure jijjiga ba. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ita ƙasar Sakkwato tana da nata sha'anin, wanda muke fatan tawagarka za ta ba shi lokaci. Ba a kan tsohon dutse mai tauri muke zaune ba irin na Zamfara ko Kaduna. Muna cikin wani babban kwari ne da masana suke kira Iullemmeden, wanda ya miƙa har cikin Nijar da Mali, kuma a can baya, shekaru miliyoyi da suka shuɗe, teku ce ta rufe shi. Duk wanda ya je Kalambaina, inda ake haƙar farar ƙasa domin yin siminti, ya ɗauki ɓallin dutse ya duba da kyau, zai iya ganin siffar ƙwanson halittun ruwa manne a jikinsa, a wurin da yau ba ka ganin komai sai ƙura da zafin rana. Yashi da laka da farar ƙasa ne jere bisa juna a ƙarƙashinmu, a fadamun Rima da na Gulbin Sakkwato kuma ƙasar ta fi taushi, ga ruwa kusa. An sani cewa irin wannan ƙasa mai taushi tana ƙara wa jijjiga ƙarfi, ta yadda girgizar da ta taso daga nesa za ta iya wuce mai gida a kan dutse salin-alin, ta zo ta tsaga bangon wanda ya yi gini a fadama. Gari kuwa kullum faɗaɗa yake yi, filayen da iyayenmu suka bar wa shinkafa da albasa yau ana yanka su fuloti-fuloti.

Wannan ne ya kawo mu ga babbar buƙatarmu. Cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauci, wadda ke ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, ita ce ta kafa tashoshin auna motsin ƙasa a wurare irin su Kaduna da Ile-Ife da Nsukka, kuma tsakaninmu da Kaduna ya fi kilomita 300 ko da a miƙe aka auna. Ƙaramin motsi ba ya kai wa na'urar da ke nesa haka, saboda haka idan aka ce ba a rubuta wani motsi a yankinmu ba, ba mu da tabbacin ko ƙasar ce ba ta motsa ba, ko kuwa babu mai saurare ne a kusa. Muna roƙon a kafa mana cikakkiyar tasha a nan. Abin ba ya buƙatar wani katafaren gini: rami ne da za a haƙa har a taɓo ƙasa mai ƙarfi, a zuba kankare, a ɗora na'urar a rufe ta, a haɗa mata sola da batir, a wurin da ya yi nisa da titin da tireloli ke bi. Da irin wannan tasha, in mutane suka ji rugugi da tsakar rana, za a iya gaya musu a take ko nakiyar masu fasa dutse ce ko wani abu daban. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da malamai da ɗaliban da za su iya kula da ita su kuma yi karatu a kanta.

Akwai kuma madatsun ruwa. Ta Goronyo, da ke kan Gulbin Rima, ita kaɗai an gina ta ne don riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, ga kuma ta Bakolori a saman Gulbin Sakkwato. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, wadda ta cinye gada ta raba jami'a da gari, ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da ruwan Rima zai iya yi, don haka muna ganin ya dace a sa na'urorin auna jijjiga a jikin waɗannan madatsu.

Ranka ya daɗe, ba za mu ɗora wa gwamnati komai mu tsame kanmu ba, domin gini sana'armu ce. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma kowa a zauren nan ya taɓa ganin bulon da in ka murza gefensa da yatsa sai ya zube kamar gari, saboda an ja buhun siminti ɗaya ya yi aikin biyu. Mun ga bene hawa biyu da aka tsayar a kan siraran rodi, mun ga mai gida ya hana a zuba linta don a rage kuɗi, magini kuma ya yi shiru don kada aikin ya kuɓuce masa. Irin wannan gini ko ruwan Agusta yana iya kayar da shi. Muna neman hukumarku ta taimaka mana da taswirar da za ta nuna unguwannin da ƙasarsu ke da taushi, domin mu sami abin nuna wa mai gida idan ya ce tsoratar da shi muke yi. Haka nan muna so a fassara bayanan kariya zuwa Hausa da Fulfulde, a riƙa karanta su a rediyo, saboda ranar da wani abu ya faru jita-jitar WhatsApp za ta riga sanarwar hukuma isa gidaje.

Mun rubuta waɗannan buƙatu dalla-dalla, sakatarenmu zai miƙa maka takardar bayan wannan zama, kuma mun shirya masu yi wa tawagarka jagora zuwa Kalambaina da Goronyo gobe da safe in Allah ya kai mu. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ziyarar ta zama mai amfani, ya mai da ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.