High Noon: fim ɗin kaboyin da John Wayne ya tsana

Jama'a barkanku da warhaka. Yau High Noon za mu tattauna, fim ɗin kaboyi na 1952 wanda Fred Zinnemann ya ba da umarni, Gary Cooper ne jarumin, Grace Kelly kuma amaryarsa.

Labarin ba shi da wani kwana-kwana. Will Kane (Gary Cooper) mai tsaron doka ne a wani ɗan gari, ranar ɗaurin aurensa sai ga labari wai wani mugu da ya taɓa kamawa an sako shi, yana tafe a jirgin ƙasa na ƙarfe 12 na rana, yaransa uku na jiransa a tasha. Kane ya bi gari yana neman masu tsaya masa, har coci ya shiga, kowa ya zame, wannan ya ce yana da iyali wancan ya ɓuya a ɗaki ya ce matarsa ta ce ba ya nan. Minti 85 ne fim ɗin, kuma kyamara sai komawa kan agogo take yi, kai ma da kake kallo hankalinka ba zai kwanta ba.

To abin da ke bayan fage shi ne, marubucin, Carl Foreman, abin da ke faruwa da shi kenan a lokacin. A 1951 ana cikin aikin fim ɗin kwamitin majalisar Amurka mai farautar 'yan kwaminis ya kira shi, ya ƙi tona sunan kowa, shi kenan Hollywood ta rufe masa ƙofa, suka raba gari da furodusa Stanley Kramer, ya tattara ya koma Ingila.

John Wayne, fitaccen jarumin finafinan kaboyi, kam bai ɓoye ƙiyayyarsa ba, a ganinsa fim ɗin ya ci mutuncin Amurkawa, musamman ƙarshensa inda Kane ya jefar da bajonsa a ƙasa. Shi da darakta Howard Hawks suka yi fim ɗin Rio Bravo a 1959 a matsayin raddi. Amma kun san abin dariya? Da Cooper ya ci Oscar a 1953 ba ya wajen, Wayne ɗin dai ne ya hau dandamali ya karɓar masa.

Ni dai inda ya fi ba ni mamaki Poland ne. A zaɓen 4 ga Yunin 1989, ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity mai adawa da gwamnati ta manna hoton Cooper na wannan fim a bangon tituna, takardar ƙuri'a a hannunsa maimakon bindiga, kuma gwamnatin kwaminis ta sha mummunan kaye.