Darasin tuƙin ƙaramin jirgin shira'i a Farin Nilu

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na koyon sana'o'in kogi daga nan garin Kosti na ƙasar Sudan. Yau muna tare da wani dattijon rayis, wato shugaban matuƙan jirgin ruwa, wanda ya daɗe yana tuƙi a wannan ruwa. Baba, barka da zuwa. Matasanmu da yawa sun iya tuƙa kwale-kwale da filafili, amma idan aka ce su ɗaga zanen jirgi, wato shira'i, iska ta tura su, sai su ja da baya. Daga ina mai koyo zai fara?

Rayis: Wa alaikumus salam, ɗana, barka dai. Mai koyo zai fara ne daga gaɓa, tun jirgin yana ɗaure. Jiragenmu na nan yawanci da itacen bagaruwa ake ƙera su, wanda Larabawa ke kira sunut, kuma itace ne mai ƙarfi da jure ruwa, amma yana da nauyi ƙwarai, sannan ga ƙusoshin ƙarfe da aka haɗa allunan da su. Idan irin wannan jirgi ya cika da ruwa yana iya nutsewa, saboda haka nake son kowane mai koyo ya nemi jarkoki marasa komai a ciki, ya toshe bakinsu sosai, ya ɗaure su da kyau a ƙarƙashin mazaunai. Jarka ɗaya mai cin lita 20 tana ɗaga nauyin kusan kilo 20 a cikin ruwa. Sai ya duba tsakanin alluna, inda aka cusa auduga ko tsumma aka shafe da kwalta, domin jirgin da ya daɗe a tudu cikin rana allunansa suna bushewa su tsuke, gaɓoɓin su buɗe. Irin wannan jirgi ana mayar da shi ruwa a bakin gaɓa, a bar shi har itacen ya sha ruwa ya kumbura, kafin a yi nisa da shi.

Igiyoyi kuma a bi su da hannu daga farko har ƙarshe. Igiyar roba rana tana cinye ta, za ka ga ta yi fari-fari tana marmashewa, kuma wadda ta kai haka a canza ta kawai. Shira'in auduga ba a naɗe shi da danshi, don yana yin funfuna ya ruɓe, ƙaramar yaga kuwa a ɗinke ta tun tana ƙarama. Kada a bar gaɓa ba tare da filafili da abin kwarfe ruwa da anka mai doguwar igiya ba, kuma kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa, ko da gwanin iyo ne.

Mai gabatarwa: To Baba, an gama duba jirgi. Yaya ake ɗaga shira'in?

Rayis: Kafin ka taɓa igiya ko ɗaya, ka san daga ina iska take busowa. Ɗaura ɗan ƙyalle a saman jigon jirgi, wato itacen da yake tsaye yana ɗauke da shira'i, ko ka kalli yadda ciyayin bakin ruwa suke kwantawa. Sannan ka juya goshin jirgin ya fuskanci iska sak, ka tabbata igiyar da ke ɗaure a kusurwar shira'i ta baya a sake take, sai ka ja doguwar sandar da shira'in yake jiki ta hau sama, ka ƙulle igiyarta a gindin jigo da ƙullin da za ka iya kwancewa da fizga ɗaya. Shira'in zai yi ta kaɗawa yana ƙara, kuma hakan daidai ne, domin alama ce cewa bai kama iska ba tukuna. Wanda ya ɗaga shi iska tana bugun jirgi daga gefe, igiya kuma a ɗaure, jirgin zai fizga ko ya karkata kafin ya zauna a wurin tuƙi.

Wannan igiya ta kusurwar baya ita ce zuciyar darasinmu, kuma ina roƙon masu sauraro su kasa kunne a nan. Matsayinta matsayin linzami ne ga mahayin doki. Idan ka ja ta, shira'i ya cika da iska, jirgi ya tafi. Idan ka sassauta ta, iska ta zube, jirgi ya miƙe tsaye ya rage gudu. Saboda haka mai koyo ba ya ɗaure ta a jikin jirgi ko kaɗan, ba ya kuma naɗa ta a wuyan hannunsa. Riƙe ta yake yi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan sandar daffa, wato matuƙin baya. Dalili shi ne ƙarfin iska a kan shira'i ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, nauyin da take ɗora wa shira'i yana ninkawa sau huɗu, kuma iskar kogi tana zuwa ne bugu-bugu, musamman idan ka fito daga inuwar bishiyoyi ko ta tsibiri. A wannan ɗan lokaci babu damar kwance ƙulli, sai dai buɗe hannu. Ni a wurina, yaron da bai iya tsayar da jirgi a inda na nuna masa ba, bai fara koyo ba, komai gudun da yake yi.

Daffa kuma tana rikita sabon shiga, don idan ka tura sandarta dama, goshin jirgi hagu yake juyawa. Ba ta aiki sai jirgi yana tafiya, kuma kaɗan-kaɗan ake motsa ta. Ka zauna a gefen da iska take fitowa, domin nauyinka ya danne karkatar jirgin.

Mai gabatarwa: Baba, mutane suna cewa a Nilu tuƙi ba shi da wuya, iska ta kai ka kudu, ruwa ya dawo da kai arewa.

Rayis: Maganar tana da asali, ɗana, domin a lokacin rani da sanyi iska daga arewa take busowa, kogin kuwa daga kudu yake gangarowa zuwa Khartum. Amma mai koyo kada ya dogara da ita a nan wajenmu. Tun da aka gama madatsar Jabal Auliya, wadda take arewa da mu kusa da Khartum, a shekarar 1937, ruwan da take tarewa yana komowa baya har ya kai yankinmu, don haka a watannin da tafkin yake cike gudun ruwa a nan kaɗan ne, iska ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yaron da ya ba iska baya ya nufi kudu zai ji daɗin tafiya, amma idan ya juyo sai ya tarar iska tana mayar da shi, ruwan kuma bai taimake shi da komai ba.

Abin da ya fi sauƙi shi ne tafiyar da iska take bugun jirgi daga gefe, kuma Allah ya hutar da mu a nan, tunda Kosti tana gaɓar yamma, garin Rabak yana gaɓar gabas, iska kuma daga arewa. Ka nufi gabas kaɗan, ka juyo, ka dawo yamma, kana ja kana sassautawa, har hannunka ya gane iyakar da shira'i yake daina kaɗawa. A daidai wannan iyaka ake riƙe shi, domin jan da ya wuce haka karkata kawai yake ƙarawa. Idan ka ƙware a wannan, sai ka fara koyon nufar arewa, wajen tsibirin Aba. Babu jirgin shira'in da yake shiga cikin iska kai tsaye. Jiragen zamani suna kusantarta har wajen digiri 45, namu na katako kuwa ba su kai haka ba, saboda haka tafiyar a karkace ake yinta, a nufi arewa maso gabas, a juya a nufi arewa maso yamma. Wajen juyawa, ka bari jirgi ya sami gudu tukuna, ka sanar da abokin tafiyarka ya sunkuya, sannan ka tura daffa goshin jirgi ya ratsa ta cikin iska, ku koma ɗaya gefen. Juyawa ta baya, inda iska take ratsa bayan jirgi, tana wurga shira'i da ƙarfi daga gefe zuwa gefe, don haka a bar ta sai ranar da iska take da laushi kuma akwai gwani a cikin jirgi.

Mai gabatarwa: Wane lokaci ne mai koyo bai kamata ya fita ba?

Rayis: Idan damina ta gabato iska tana juyawa ta koma daga kudu maso yamma, kuma lokacin ne habub yake tasowa, wannan guguwar ƙura da ake hangowa ta tokare sama. Da zarar ka hango ta, sauke shira'i nan take, ka ɗaure shi, ka kama filafili ka nufi gaɓa mafi kusa. Ko a ranar da babu hadari, idan ka ga farin kumfa a kan igiyar ruwa, iskar ta fi ƙarfin mai koyo. Ka kula da tsawon jigonka kusa da gada da wayoyin lantarki, ka kauce wa tarin kainuwa domin tana sarƙe daffa, kuma ka rage tsayawa cikin ruwan gaɓa mai ciyawa saboda cutar tsargiya. Idan ta faru jirgi ya kife, ka fara ƙirga mutanenka, kowa ya kama jikin jirgin, kada wani ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa, domin daga nesa an fi hango jirgi a kan kan mutum.

Wajen komowa gida, kada ka nufi gaɓa da shira'i cike da iska. Tun da saura ɗan nisa ka juya goshi wajen iska, ka saki igiya, jirgin ya ƙarasa da sauran gudunsa, sannan ka sauke shira'in ka shanya shi idan ya jiƙe.

Mai gabatarwa: Mun gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Masu sauraro, a shiri na gaba Baba zai yi mana bayanin ƙulle-ƙullen igiya da yadda ake rage faɗin shira'i idan iska ta yi yawa. A huta lafiya.